Zuwa Wasan Dusar Ƙanƙara a Turkiyya: Tambayoyin Masu Shirin Tafiya da Amsoshinsu

Da zarar Nuwamba ta kama, tambayoyi iri ɗaya suke yawo tsakanin ɗalibanmu da ke karatu a Turkiyya, da 'yan kasuwar da ke zuwa sarin kaya Istanbul, da magidantan da ke son kai iyali hutun ƙarshen shekara. Kowa ya ga hotunan fararen duwatsu, yana son ya je ya taka da ƙafarsa. Ga tambayoyin da suka fi dawowa, an faro daga masu sauƙi.

Wai me ake yi ne a kan dusar nan?

Abu uku ne galibi. Na farko shi ne zamiya da dogayen alluna biyu, ɗaya a kowace ƙafa, da sanduna biyu a hannu. Turkawa na kiransa kayak, kuma shi za ka gani rubuce a allunan hanya da shagunan haya. Na biyu allo ne guda mai faɗi da ake ɗaure ƙafafu biyu a kansa a tsaya a karkace, matasa sun fi son sa. Na uku shi ne kizak, ɗan abin zama da ake hawa a sulalo daga gajeren gangare. Wannan ba ya bukatar koyo, yaro ɗan shekara huɗu da kakarsa duk za su iya.

Akwai kuma waɗanda ba zamiya ta kai su ba. Su hau motar igiya zuwa can sama, su sha shayi, su jefi juna da dusa, su ɗauki hoto su sauko. Rabin mutanen da za ka tarar a dutse ranar Asabar abin da suka je yi ke nan, kuma babu wanda ya raina su.

Wane wata ya fi dacewa?

Ana buɗe yawancin wuraren a tsakiyar Disamba, a rufe a ƙarshen Maris, wasu manyan duwatsun su kai Afrilu. Amma farkon Disamba caca ce: wata shekarar dusa ta sauka da wuri, wata shekarar ka je ka tarar da ciyawa. Janairu da Fabrairu ne babu shakka.

Sai dai a kiyayi lokuta uku: daren sabuwar shekara, Asabar da Lahadi, da hutun tsakiyar zango na makarantun Turkiyya, wanda yakan ɗauki mako biyu daga rabin ƙarshe na Janairu zuwa farkon Fabrairu. A wannan hutun otal yana tsada, layin kujerar igiya, wadda ke ɗaukar masu zamiya zuwa saman gangare, yana tsawo, filin koyo kuma yana cika da yara. In da hali ka sa tafiyarka daga Litinin zuwa Alhamis. A ganina farkon Maris ya fi wa sabon shiga daɗi: rana ta ƙara tsawo, sanyi ya sassauta, dusa kuma tana nan jibge. Kafin ka tsayar da rana, duba amsar da ke kan azumi.

Wane dutse zan zaɓa?

Huɗu ne aka fi ambata. Uludag yana kan birnin Bursa, tsayinsa mita 2,543, shi ne mafi tsufa a wannan harka kuma mafi suna. Erciyes tsohon dutse ne mai aman wuta da ya daɗe da yin shiru, mita 3,917, kimanin kilomita 25 daga Kayseri. Palandoken yana manne da Erzurum a gabas, inda aka yi gasar hunturu ta ɗaliban jami'o'in duniya a 2011. Kartalkaya kuma yana cikin tsaunukan Bolu, tsakanin Istanbul da Ankara. Akwai ƙananan wurare irin su Kartepe kusa da Izmit, da Sarikamish a lardin Kars mai dazuzzuka.

In koyo kake so da gaske, Erciyes zan nuna maka. Hukumar birnin Kayseri ce ke tafiyar da dutsen baki ɗaya, don haka katin hawa kujerar igiya guda ya ishe ka ko'ina, hanyoyin suna da faɗi, jimillar tsawonsu ya wuce kilomita 100, kuma kana iya kwana a cikin gari da araha. In kuwa ɗanɗano kawai kake so na yini ɗaya ko biyu, Uludag ne, saboda kusa. Palandoken na da daɗi ga wanda ya fara iyawa, amma sanyinsa ba na wasa ba ne. Mai lalura ya fara karanta amsar sikila da hawan jini kafin ya zaɓa, domin tsawon dutsen yana cikin lissafi.

Na zo sarin kaya Istanbul, kwana biyu kacal nake da su. Zan iya leƙawa?

Sosai ma. Daga Istanbul ana hawa jirgin ruwa mai gudu zuwa Mudanya ko Guzelyali, tafiyar kusan awa biyu, daga nan mota ta kai ka Bursa. Ko kuma ka shiga bas ta bi ta gadar Osmangazi, wadda aka buɗe a 2016 ta rage nisan sosai. A Bursa ka tambayi teleferik, wato motar igiya. Tana tashi daga unguwar Teferruc, ta bi ta saman daji kusan kilomita 9, ta tsaya a Sarialan, ta ƙarasa yankin otal-otal inda ake zamiya. Tafiyar cikinta kaɗai ta isa abin ba da labari: kana kallon birni babu ɗigon dusa a ƙasa, can sai bishiyoyi su fara fari, kafin ka ankara komai ya rufe.

Kamfanonin yawon buɗe ido suna sayar da tafiyar yini guda daga Istanbul, a tashi da asuba a dawo da dare. Tana da sauƙi, amma ka sani yawancin yinin a mota da shagunan da suke tsayar da ku zai ƙare, abin da za ka samu a dutse bai fi 'yan awanni ba. Ya fi ka kwana ɗaya a Bursa. Ka yi sallar magariba a Ulu Jami mai ƙubbobi 20, ka shiga Koza Han inda ake cinikin alharini tun ƙarni na 15. Ɗan kasuwa ba zai ga ya yi asarar yammar ba.

Erciyes da Palandoken fa, ta ina ake zuwa?

Jirgin sama daga Istanbul zuwa Kayseri kusan awa ɗaya da rabi ne, zuwa Erzurum kusan awa biyu. Abin da ke kayar da mutane shi ne Istanbul na da filayen jirgi biyu: babban da ke ɓangaren Turai, wanda jiragen Abuja da Legas ke sauka, da Sabiha Gokcen a ɓangaren Asiya. Tsakaninsu tafiya ce mai nisa, in cunkoso ya kama sai ta Allah. Ka duba tikitinka da kyau, kada ka sauka a ɗaya jirginka na gaba yana ɗaya da tazarar awa biyu.

Mai isasshen lokaci yana iya bin jirgin ƙasan gabas, Dogu Ekspresi, wanda ke tashi daga Ankara ya bi ta Kayseri, Sivas, Erzincan da Erzurum ya tsaya a Kars, tafiyar yini da kwana. A hunturu tikitin ɗakunan kwanansa yana ƙarewa da zarar an buɗe sayarwa, don haka ba abin da ake yanke shawararsa ana gobe tafiya ba ne. Wanda ya je Erciyes kuma, Kapadokiya mai balan-balan da gidajen cikin duwatsu ba ta fi tafiyar awa ɗaya da 'yan mintuna ba.

Biza da tikiti, yaushe zan fara?

Mai fasfo ɗin Najeriya ko Nijar yana bukatar biza, kuma sharuɗɗanta suna sauyawa, don haka ka ɗauko su daga ofishin jakadancin Turkiyya kai tsaye, ba daga bakin dillali ba. Ka fara da wata biyu ko uku kafin tafiya. A tabbata fasfo yana da sauran aƙalla wata shida. Kada ka biya kuɗin otal da ba a mayarwa alhali biza ba ta fito ba; akwai masaukai da yawa da ke yarda a soke kyauta har zuwa wata rana.

Ɗalibin da ke zaune can ya riƙe katin zamansa, ikamet, a aljihu, ya kuma duba bai ƙare ba, domin otal zai nema, jami'an tsaro ma suna tsayar da bas a hanya su duba. Game da kuɗi, darajar lira tana motsi ƙwarai, farashin da wani ya biya bara ba zai yi maka amfani ba. Ka lissafa abu shida da kanka a makon da za ka biya: sufuri, masauki, hayar kaya, katin hawa, malami, abinci. Agogon Turkiyya yana gaban na Najeriya da Nijar da awa biyu duk shekara.

Na saba da sanyin hunturu a Kano da Jos. Ai ba zai fi haka sosai ba ko?

Zai fi, nesa ba kusa ba. Sanyin da ke sa a hura wuta a bakin titi a Kano da wuya ya sauka ƙasa da digiri 10. A dutse kuwa ƙasa da sifili ake magana, kuma a Erzurum ba abin mamaki ba ne dare ya kai 20 ƙasa da sifili. Duk mita 1,000 da ka hau, zafin iska yana raguwa da kusan digiri 6 da rabi, shi ya sa kake barin Bursa da rigar sanyi guda ka isa sama haƙora na kaɗawa. In iska ta taso, abin da jiki ke ji ya fi abin da ma'auni ya nuna.

Bambanci na biyu shi ne jiƙa. Hunturunmu busasshe ne, dusa kuwa ruwa ce: ta shiga takalmi ta narke, ta taɓa wando ta jiƙa shi, kai kuma kana zufa daga ciki. Jiƙaƙƙen kaya a cikin iska shi ke kayar da mutum, ba sanyin kansa ba. Abin mamaki kuma, mai zamiya ya fi jin ɗumi a kan mai tsayuwa yana ɗaukar hoto.

To me zan saka?

Hawa uku. Na jikin fata ya zama riga da wando masu kama jiki, na ulu ko na yadin roba mai fitar da zufa. Ban da auduga: singileti da shadda da wandon jins duk suna shan ruwa su riƙe. Na tsakiya suwaita mai kauri. Na waje jaket da wando da ruwa da iska ba sa ratsawa. Safa guda ɗaya doguwa mai kauri ta fi biyu a haɗe, domin biyu suna naɗewa cikin takalmi su matse jini, ƙafa ta ƙara sanyi. Safar hannu ta zama mai hana ruwa. Ta saƙa da ake sayarwa a bakin hanya minti goma ta jiƙe.

Abubuwa uku ake yawan mantawa da su. Tabarau, domin sabuwar dusa tana mayar da kusan kashi 80 cikin ɗari na hasken rana mai ƙona ido, mutum ya wuni lafiya da dare ya ji kamar an zuba masa yashi. Man kare fata daga rana, kuma baƙar fata ma tana ƙonewa a can sama. Sai man leɓe. Man kaɗanya na gida yana aikin nan sarai. Waya kuma a sa ta a aljihun ciki, sanyi yana shanye batir cikin ɗan lokaci.

Ni mace ce mai hijabi, kuma da yara zan je. Yaya zan yi?

Kayan zamiya a kan kansu masu rufe jiki ne, kuma za ki ga Turkawa da Larabawa masu lulluɓi da yawa a kan hanya, babu mai kallon ki. Ki sa ƙaramin hijabi mai kama kai a ƙarƙashin hular kwano, ki cusa gefensa cikin jaket. Ki nemi jaket mai tsawo zuwa cinya da wando mai faɗi. Abin da za ki bari a masauki shi ne dogon hijabi har ƙasa da mayafi mai lilo, domin suna iya maƙalewa a kujerar igiya lokacin sauka. Wannan gargaɗin ya shafi Alhaji ma da rawaninsa da babbar riga. Makarantun koyo suna da malamai mata, sai dai a nema tun da wuri.

Yara daga shekara huɗu ko biyar ana karɓarsu a ajin koyo, kuma sukan riga iyayensu iyawa. Jikinsu ya fi saurin yin sanyi, ga shi wasa ba ya barin su faɗa. Ki riƙa taɓa yatsunsu da kunnuwansu, ki shigar da su ɗaki duk bayan awa guda, ki tafi da safa da safar hannu na canji. Jariri kuwa ba shi da abin yi a saman dutse.

In sayi kayan ko in yi haya?

Haya. Alluna, takalma, sanduna, hular kwano, har jaket da wando duk ana bayarwa haya a gindin kowane dutse, shagunan cikin gari kuma sukan fi na sama sauƙi. Abin da za ka saya naka shi ne kayan jikin fata, safa da safar hannu. Wanda ya sayi alluna a zuwan farko, yawanci a bayan ƙofa suke ƙarewa.

A shagon haya za a tambaye ka tsawonka, nauyinka da ko ka iya. Ka faɗi gaskiya, ba wurin kare girma ba ne. Da nauyin nan ake saita maƙalin da ke riƙe takalmi a kan allo, yadda in ka faɗi zai sake ka. In an ɗaure shi fiye da kima, allon zai tafi da gwiwarka. Takalmin yana da tauri da nauyi, tafiya da shi sai a hankali. Ya kamata ya kama dunduniya sosai amma yatsu su iya motsi. In yana cizo tun a shago, ka canza, kada ka ce zai saki.

Dole ne sai na ɗauki malami? Abokina ya ce zai nuna mini.

In akwai wuri guda da ba za ka yi tsumulmula ba, nan ne. Aboki ya iya zamiya, amma bai iya koyarwa ba, kuma zai gaji da kai cikin rabin awa ya ja ka sama yana cewa ai babu wuya. Daga nan labarin asibiti ke farawa. Malami, wanda Turkawa ke kira hoja, zai fara da kai a shimfiɗaɗɗen wuri: yadda ake sa allo, yadda ake faɗuwa gefe, yadda ake tashi, sannan yadda ake haɗa kawunan alluna a buɗe bayansu don a rage gudu a tsaya. Sai ka iya tsayawa ake maganar juyawa. Ka nemi mai takardar shaida daga makarantar wurin, ka kuma tambaya ko yana jin Turanci ko Larabci kafin ka biya.

Yawancin masu lafiya, in sun samu darasin awa biyu kullum, a rana ta uku suna saukowa daga hanya mai sauƙi da kansu. Rana ta biyu ce mai wuya: cinya ciwo, ƙwauri ciwo, zuciya na cewa a haƙura. Allo guda ya fi wahalar farawa, faɗuwarsa ta fi yawa. Wanda ke ganin wasan ba namu ba ne, ya tuna 'yan Najeriya mata, Seun Adigun da Ngozi Onwumere da Akuoma Omeoga da Simidele Adeagbo, sun fafata a gasar Olamfik ta hunturu a Koriya ta Kudu a 2018, Samuel Ikpefan kuma ya wakilci ƙasar a Beijing a 2022.

Mene ne ma'anar launukan da ke kan hanyoyi?

Kore na masu koyo ne, shuɗi mai sauƙi, ja na waɗanda suka iya, baƙi na gwanaye. Kafin ka hau kowace kujerar igiya ka duba taswira ka tabbata akwai kore ko shuɗi da ke saukowa daga inda za ta ajiye ka.

Ƙa'idojin hanya kaɗan ne. Wanda ke gabanka, wato ƙasa da kai, shi ke da hanya, domin ba ya ganin ka. Kai ne za ka kauce masa. Kada ka tsaya a tsakiya ko a bayan tudu inda mai saukowa ba zai hango ka ba. In za ka shiga hanya, ka dubi sama tukuna. Kada kuma ka tsallake igiya ko raga don neman sabuwar dusa ta hoto: wajen hanya ne dusa ke zaftarewa, can ne kuma mutane ke ɓata idan hazo ya rufe.

Ina da sikila. Wani kuma hawan jini ko asma. Za mu iya zuwa?

Wannan tambayar ta fi shafar mu fiye da yawancin masu zuwa dutsen, kuma ma'aikatan wurin ba lallai su san ciwon ba. Sanyi, ƙarancin iskar shaƙa a wuri mai tsawo, bushewar jiki da wahala, duk huɗun suna tayar da ciwon sikila, kuma duk huɗun suna haɗuwa a dutse. Filayen zamiyar Erciyes da Palandoken sun faro ne daga sama da mita 2,000 suka wuce 3,000. Birnin Erzurum kansa yana kusan mita 1,900. Mai sikila kada ya sayi tikiti sai ya zauna da likitansa, in likita ya ce a'a, a'a ɗin ce. Ko mai AS, tsawo irin wannan yana iya taɓa masa saifa, don haka ciwo a hagun ciki ba abin dannewa ba ne.

Mai asma ya riƙe abin shaƙarsa a aljihun ciki, ya rufe baki da hanci don iskar ta ɗumama. Mai hawan jini ko ciwon zuciya ya ga likita, ya tafi da isasshen magani a jakar hannu. Mai lafiya ma, daga wajen mita 2,500 yana iya jin ciwon kai, jiri da tashin zuciya. Maganinsa a huta, a sha ruwa, in bai lafa ba a sauko.

In na ji rauni fa?

Lambar gaggawa a Turkiyya 112 ce. A manyan duwatsu akwai jami'an ceto na jandarma da ke sauko da wanda ya ji ciwo. Masu alluna biyu gwiwa suka fi jin ciwo, masu allo guda wuyan hannu. Duk wanda ya bugu a ka ya ga likita ko da ya miƙe, hular kwano kuma ba ado ba ce. In yatsa ko kunne ya yi fari ya mutu, kada a murza, kada a kanga shi a wuta ko hita. A sa a ruwa mai ɗumi daidai jiki, wajen digiri 37 zuwa 39, a nemi asibiti.

Inshorar da ake yi don biza sau da yawa ba ta ɗaukar wasannin hunturu. Ka karanta takardar, in babu ka biya ƙari a sa maka. Asibitin kuɗi a can yana karɓar baƙo hannu bibbiyu, takardar biyan ce ba ta da daɗin gani.

Salla da alwala a cikin wannan sanyi fa?

Nan Turkiyya ta fi ƙasashen Turai sauƙi. A wuraren zamiya da tashoshin mota da filayen jirgi akwai ɗakin salla, ka nemi allon da aka rubuta mescit. Ranar hunturu gajera ce, azahar da la'asar da magariba suna bin juna kusa-kusa. A Erzurum a Disamba rana na faɗuwa kafin ƙarfe biyar, a Istanbul kuma ba ta fitowa sai bayan takwas na safe. Dabara ita ce ka yi alwala a masauki da ruwan ɗumi kafin ka fita, ka busar da hannu da fuska sosai.

Cire takalmin zamiya aiki ne, don haka mutane ke tambayar shafa a kan huffi. A mazhabar Malikiyya sharaɗi ne ya zama na fata, an kuma sa shi da cikakkiyar alwala. Ana samun irinsa siriri a shagunan kayan addini a can. Hukuncin kasaru da haɗa salla ga matafiyi ya danganta da nisa da kwanakin da ka yi niyyar zama, ka tambayi malaminka tun kana gida.

Azumi zai shigo cikin lokacin. In fasa?

A 'yan shekarun nan Ramadan yana faɗowa tsakiyar kakar zamiya: wajen 18 ga Fabrairu a 2026, wajen 8 ga Fabrairu a 2027, ƙarshen Janairu a 2028, gwargwadon ganin wata. Azumin can a wannan lokaci bai kai na bazara tsawo ba, kuma dutse yakan rage cika. Matsalar ita ce ƙishirwar da ba a ji: iska busasshiya ce, kana zufa, sanyi kuma ya ɓoye maka. Da yamma ƙafa ta mutu, nan faɗuwa ke yawa. Matafiyi yana da rangwame a shari'a. Wanda ya zaɓi ya yi azuminsa ya yi zamiya da safe awa biyu ya huta. Sabon shiga dai gara ya sa tafiyarsa kafin azumi ko bayan salla.

Abinci fa?

Naman da ake sayarwa a gidajen abinci na gari na halal ne galibi. Giya ce ake sayarwa a otal-otal da yawa na kan dutse, Uludag ma ya yi suna da shagalin dare, mai iyali ya tambaya kafin ya kama ɗaki. A bakin hanya za ka ji ƙamshin sujuk, naman sa mai yaji da ake gasawa a sa a burodi, da salep, abin sha mai kauri na madara da kirfa. Bursa na da Iskender kebab, Erzurum na da jag kebab, Kayseri kuma na da manti da pastirma, wanda kusan kilishinsu ne, sai dai ya fi laushi da tafarnuwa. Abincin kan dutse ya ninka na gari tsada. Dabino da gyaɗa a aljihu suna rufa asiri. Ɗan yajinka ma ka taho da shi.

In kwana a kan dutse ko a cikin gari?

Kan dutse ka fito daga ƙofa ka hau allo, amma za ka biya. A Kayseri da Erzurum gari na kusa, motoci suna jigila, don haka kwanan gari ya fi wa mai lissafi. In ka yi hayar mota, ka sani jandarma suna iya hana hawa sai da tayar hunturu ko sarƙa, kuma wanda bai taɓa tuƙi a kan ƙanƙara ba ya bar wa direban wurin.

Ko'ina ka sauka, ka duba hanyar fita. A ranar 21 ga Janairun 2025 gobara ta tashi cikin dare a wani otal a Kartalkaya lokacin hutun makarantu, mutum 78 suka rasu, da yawansu yara. Da ka ajiye jaka, ka nemi matakalar gaggawa, ka taka ta har ƙasa ka ga ƙofar tana buɗewa, ka duba akwai na'urar jin hayaƙi a ɗakin. Ɗaliban da ke haɗa kuɗi su kama gida mai murhun gawayi ko itace kada su kwanta da wuta a ci. A Bursa, idan iskar kudu da ake kira lodos ta taso, tana mayar da hayaƙi cikin ɗaki, kuma gubarsa ba ta da wari.

In na je na tarar babu dusa, ko an rufe hanya?

Yana faruwa. Manyan wurare irin Erciyes da Palandoken suna da injinan ƙera dusa, don haka ko sama ba ta zubo ba akan buɗe wasu hanyoyi, muddin akwai sanyi. Iska ce ba ta da magani: in ta yi ƙarfi ana tsayar da kujerun igiya, teleferik ɗin Bursa ma yana tsayawa ranar lodos, wani lokaci jirgin ruwan Istanbul ma a soke shi. Wuraren suna da kyamarori a shafukansu na intanet, ka duba da safe kafin ka fita.

Saboda haka kada ka sayi katin hawa na kwanaki da yawa tun kafin ka ga yanayi, kuma a ranar farko ma ka tambayi malaminka ko kana bukatarsa, domin filin koyo yakan kasance da nasa tsarin. Ka bar kwana ɗaya a banza a cikin shirin. Ranar da aka rufe dutse, Bursa na da wuraren wanka na ruwan zafi a unguwar Cekirge, Erzurum na da tsohuwar makarantar Cifte Minareli mai hasumiya biyu. Ranar komawa kuma ka sauko Istanbul kwana ɗaya kafin jirginka na gida, domin dusa da hazo sukan jinkirta jiragen Erzurum da Kayseri.